Zahir Raihan da uzurin “kasuwa ce ba ta so”

A shekarar 1970 mutanen Dhaka, babban birnin Bangladesh na yau wanda a lokacin yake Gabashin Pakistan, suka yi ta tururuwa zuwa gidajen silima domin kallon wani fim a kan wata mata da ta hana mijinta rera waƙa a cikin gida. Mijin lauya ne mai sanyin hali, idan waƙa ta ciyo shi sai ya lallaɓa ya hau saman soro ya yi abarsa inda ba za ta ji ba. Matar ita ce babbar yaya a gidan, ƙannenta maza biyu suna ƙarƙashinta, makullan gidan kuma kaf suna hannunta. Ba a buɗe ɗakin ajiya sai da izininta, ba ta kuma son kowa cikin ƙannen ya yi aure, don ta san ranar da amarya ta shigo, ranar za a fara tambayar wa ya kamata ya riƙe makullan nan. Sunan fim ɗin Jibon Theke Neya, wato an ɗauko daga rayuwa. Wanda ya ba da umarninsa, Zahir Raihan, shekarunsa 34 a lokacin, kuma tuni ya yi suna a rubutun littattafan labari.

Babu wanda ya fito daga silimar yana zaton labarin muguwar yaya kawai ya kalla. Shekara guda ke nan da boren ɗalibai da ma'aikata ya tilasta wa Ayub Khan sauka, bayan ya riƙe Pakistan tun 1958, wani janar ɗin kuma, Yahya Khan, ya gaje shi da dokar soja. Da 'yan kallo suka ga mutanen gidan sun fara liƙa takardun ƙorafi a bango suna neman a karɓe makullai daga hannun mutum ɗaya, kowa ya san inda aka dosa. Hukuma ma ta sani, shi ya sa aka yi ta jan ƙafa kafin a sake shi. To amma da wace hujja za a hana fim ɗin rikicin dangi da aure da haihuwa da zaman kotu?

Abin da ya sa nake ganin ya kamata mai karatun Hausa ya san mutumin nan shi ne, rayuwarsa ta rushe wani uzuri da ake yawan kawowa duk inda ake sana'ar fim, har da wajenmu. Idan aka tambayi mai shirya fim me ya sa ba ya taɓa abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya, sai ya ce kasuwa ce ba ta so, mutane soyayya da rawa da kishi suke saye, wanda ya tsaya wa'azin siyasa uwar kuɗinsa ma ba za ta dawo ba. Masu sukar 'yan fim su ma a kan wannan layi suke tafiya ta ɗaya ɓangaren: a wurinsu fim ɗin kasuwa shirme ne, mai ma'ana kuwa sai wanda aka kai bikin baje koli a Turai. Duk su biyun sun yarda cewa zaɓi ne tsakanin cika aljihu da faɗin gaskiya. Ni ban yarda ba, kuma Zahir Raihan ne hujjata.

Sai an san ƙasar da ya tashi a cikinta kafin a gane nauyin abin da ya yi. Da Birtaniya ta raba Indiya a 1947, Pakistan ta fito gida biyu, Yamma da Gabas, tsakaninsu tazarar kusan kilomita 1,600 ta ƙasar Indiya. Fiye da rabin jama'ar ƙasar suna Gabas, harshensu Bengali. Ramar da suke nomawa, wadda ake saƙa buhu da ita, ita ce kan gaba wajen kawo wa ƙasar kuɗin waje, amma mulki da manyan hafsoshin soja da manyan ma'aikata galibi suna Yamma. A watan Maris na 1948 Muhammad Ali Jinnah ya zo Dhaka ya faɗa wa jama'a cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa. Ka dubi abin: ana gaya wa masu rinjaye cewa yaren da suka sha a nono ba zai hau takardar kuɗi ko takardar neman aikin gwamnati ba.

An haifi Zahir Raihan ranar 19 ga Agusta 1935 a ƙauyen Majupur, yankin Feni. Sunansa na yanka Muhammad Zahirullah. Mahaifinsa malami ne a makarantar Aliya, a Kalkata ta Indiya da farko, daga baya a Dhaka inda iyalin suka koma bayan rabon ƙasa. Wato ɗan gidan malamai ne, abin da ya kamata masu cewa fim sana'ar marasa mafaɗi ce su riƙe. Ranar 21 ga Fabrairu 1952, da gwamnati ta hana taro a Dhaka, ɗalibai suka yanke shawarar fita goma-goma su karya dokar. Zahir, yana ɗan shekara 16, yana cikin goman farko, aka kama shi. A ranar 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe matasa irin su Barkat da Rafiq da Jabbar, Salam kuma ya rasu daga baya saboda raunin da ya samu. Sai a tsarin mulkin 1956 aka amince da Bengali a matsayin harshen ƙasa tare da Urdu. Ranar nan ce UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya, wadda mu ma muke taruka dominta a jami'o'inmu, sau da yawa ba tare da an ambaci jinin da aka zubar a Dhaka ba.

Da alƙalami ya fara, da aikin jarida da gajerun labarai, ya kuma yi digiri a adabin Bengali a Jami'ar Dhaka. Littafinsa da ya fi shahara, Hajar Bachhar Dhore, ya fito a 1964 ya ci kyautar adabi ta Adamjee. Labarin wani ƙauye ne da rayuwa ke maimaita kanta shekara da shekaru. Akwai tsoho Mokbul mai mata uku, wanda ya mayar da su injin neman kuɗi: dare ya raba suna sussukar shinkafa, shi yana ƙirga abin da za a samu. Ƙaramarsu, Tuni, yarinya ce da ba ta gama wasan ƙasa ba. Cikin dare takan sulale ta bi wani saurayi maraya, Montu, su je kamun kifi a kududdufan mutane, kuma abin da ke tsakaninsu bai taɓa fitowa fili ba. Ga maƙwabci mai dukan mata, ga annobar amai da gudawa tana ɗibar mutane, ga taron dare ana karanta tsofaffin waƙoƙin labari. Marubucin bai tsaya yana yi wa Mokbul huɗuba ba. Ya bar shi da son kuɗinsa da 'yar kulawarsa ga iyali, ya bar mai karatu ya ji nauyin taɓarya a hannun yarinyar. Duk wanda ya taso a ƙauye ko ya je hutu wajen kakanni zai gane gidan nan ba sai an yi masa bayani ba.

Harkar fim ya shige ta daga ƙasa, yana mataimakin darakta. Ya yi aiki a Jago Hua Savera, wanda ya fito a 1959, fim a kan masuntan Gabashin Bengal da shahararren mawaƙin Urdu Faiz Ahmed Faiz ya rubuta. Nasa na farko, Kokhono Asheni, ya fito a 1961. Masana'antar Dhaka a lokacin jaririya ce, don fim ɗin Bengali mai magana na farko da aka yi a garin bai wuce 1956 ba, kuma silima cike take da finafinan Lahore da Bombay da Kalkata. Furodusoshin Dhaka da dama suka ga mafita ita ce su riƙa yin fim da Urdu, domin su sayar a ɓangarorin ƙasar biyu.

A nan ne ake samun abin da wasu ke riƙewa a kansa. Yaron da aka kama saboda harshen Bengali, shi ne a 1964 ya yi Sangam da Urdu, fim mai launi na farko a duk Pakistan, a 1965 kuma ya yi Bahana, shi ma da Urdu, na farko a ƙasar da aka ɗauka da faffaɗan allo na sinimaskof. Mai son zargi zai ce ga shi nan, da kuɗi suka kira sai aƙida ta kwanta.

Ban ga haka ba. Faɗan 1952 faɗa ne da tilasta wa mutane barin harshensu, babu wanda ya fita titi don ya ga bayan Urdu. Sannan a lura da wanda ya kafa tarihin nan: fim mai launi na farko a Pakistan daga Dhaka ya fito, garin da ake yi wa kallon ƙauye, alhali Lahore ce cibiyar sana'ar. Wannan kansa amsa ce ga masu raina Gabas. Abu mafi muhimmanci kuma, a waɗannan shekaru ne ya koyi abin da ba a koyo a littafi, wato yadda ake riƙe mutum ɗari biyar a cikin duhu har awa biyu da rabi ba su tashi ba. Ya san inda ake sa waƙa, inda ake sa dariya, inda za a bar jaruma ta yi kuka. Ya samu amincewar masu gidajen silima da masu zuba kuɗi. Da bai bi ta nan ba, da ranar da ya zo da fim ɗin makullai babu mai ba shi allo.

Da fim ɗin Rupban na darakta Salahuddin ya fito a 1965 ya nuna cewa mutanen karkara za su cika silima idan aka ba su tatsuniyarsu da harshensu, Zahir bai yi girman kai ya ce wannan aikin 'yan ƙauye ne ba. A 1966 ya yi Behula, tsohon labarin amaryar da maciji ya sari angonta a daren farko, ta ɗora gawarsa a kan gora ta bi kogi da ita tana neman a dawo mata da shi. Labarin daga al'adar Hindu ya fito, kuma shekara guda ke nan da yaƙin Indiya da Pakistan na 1965, lokacin da hukuma ke kallon duk abin da ya shafi Hindu da idon zargi. Amma kakannin Musulmi da na Hindu duk sun san Behula, a bakin kogi ɗaya suka ji labarinta. Fim ɗin ya karɓu, ya kuma fito da Razzak, wanda ya zama babban jarumin ƙasar na shekaru masu yawa, tare da Suchanda, wadda Zahir ya aura daga baya.

Saboda haka lokacin da ya zo yin Jibon Theke Neya, kayan aikinsa duk na kasuwa ne: jaruman da ake so, aure biyu, makirci, guba, shari'a. Ƙannen biyu suka auri wasu 'yan'uwan juna mata, waɗanda yayansu ɗan gwagwarmaya ne mai shiga kurkuku yana fita. Makullai suka koma hannun amarya. Yayar ta ƙulla makircin da ya sa aka zargi ɗaya daga cikin amaren da ba 'yar'uwarta guba, har aka je kotu, inda mijin nan da ake rainawa ya tsaya ya tona asirin matarsa. Wannan zubi kowane mai kallon finafinan Indiya ya san shi. Abin da Zahir ya cusa a ciki shi ne daban. Ya nuna jerin gwanon asubahin 21 ga Fabrairu, mutane ba takalmi suna tafiya da furanni suna rera waƙar tunawa da waɗanda aka kashe. Ya sa waƙar Kazi Nazrul Islam ta ɓalle ƙofar kurkuku a bakin fursunoni. Ya sa Amar Sonar Bangla ta Rabindranath Tagore, shekara uku bayan gwamnati ta sa an daina sa waƙoƙin Tagore a rediyon ƙasa. Ba a yi shekara biyu ba waƙar nan ta zama taken sabuwar ƙasar Bangladesh. Mai sayar da kifi da ɗan dako da matar aure da ba su taɓa karanta takardar jam'iyya ba, sun biya kuɗin tikiti da guminsu sun ji ta a silima.

Akwai suka guda da nake ganin tana da nauyi. Me ya sa da aka tashi siffanta mulkin kama-karya, wanda janar-janar maza suke yi, sai aka ɗora shi a kan mace? Mai kallon da bai damu da siyasa ba zai iya fita da darasin cewa gidan da mace ke juyawa ba ya albarka, kuma fim ɗin bai toshe wannan ƙofa ba. Ina ganin a nan dabarar kasuwa ta ci wani abu daga gaskiyar saƙon, domin muguwar mace a tsakar gida hali ne da 'yan kallo suka saba da shi, ba ya bukatar dogon bayani, masu tacewa ma ba sa tsorata da shi. Da ya sa uba mai gashin baki da sanda, da an gane Ayub Khan tun a minti na farko an rufe fim ɗin. Wannan bayani ne, bai wanke shi sarai ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, mutumin da ya rubuta Mokbul da Tuni ba za a ce bai san wa ke danne wa a yawancin gidaje ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Nuwamba 1970 guguwar Bhola ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a Gabas, jama'a suka ga gwamnati ta yi sanyin jiki wajen kai agaji. A Disamba jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman ta lashe kusan duk kujerun Gabas, abin da ya ba ta rinjaye a majalisar ƙasa baki ɗaya, aka ƙi miƙa mata mulki. Daren 25 ga Maris 1971 sojoji suka auka wa Dhaka, har cikin ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a. Mutum kusan miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya. Gwamnatin Bangladesh tana cewa an kashe miliyan 3 a watanni tara na yaƙin ɓallewar Gabas daga Pakistan, wasu masu bincike suna kawo adadin da bai kai haka ba, amma ko mafi ƙanƙantar ƙiyasi dubban ɗaruruwa ne.

Zahir ya tsallaka Kalkata. A can ya ajiye habaici, domin lokacinsa ya wuce. Ya ɗauki kyamara ya shiga sansanonin 'yan gudun hijira da bakin iyaka, ya haɗa Stop Genocide, fim ɗin gaskiya na kusan minti 20, baƙi da fari, Alamgir Kabir yana sharhi da Turanci don duniya ta ji. Ana ganin ayarin mutane cikin laka da ruwan sama, tsofaffi suna jan jiki, uwaye da jarirai, ya kuma jera waɗannan hotuna da na sansanonin 'yan Nazi da na ruwan bama-baman Amurka a Biyetnam, yana tambayar ina alkawuran Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga. Wasu daga cikin jagororin gwamnatin gudun hijira ta Bangladesh ba su ji daɗinsa ba, saboda ya buɗe da maganar Lenin, jagoran juyin juya halin gurguzu na Rasha, kuma ya ba talakawa fili fiye da shugabanni. Ko a cikin nasa mutanen bai zama maroƙin kowa ba.

Ba zan ce fim ɗin ya faɗi komai ba. Kuka ne na mai neman ɗauki, an yi shi ana tsakiyar yaƙi. Su ma Bihari, Musulmi masu jin Urdu da suka yi hijira daga Indiya zuwa Gabas a 1947, an kashe da yawa daga cikinsu a rikicin, kuma wannan ɓangare ya daɗe ba a son ambatonsa a Bangladesh. Sai a 2008 babbar kotu ta tabbatar wa da yawansu 'yancin zama 'yan ƙasa, bayan shekaru a matsattsun sansanoni irin na Geneva da ke Dhaka. Wanda ke son Zahir Raihan don gaskiyarsa bai kamata ya tsallake wannan ba.

Akwai kuma abin da ke da ɗaci a faɗa a gaban masu karatu Musulmi, amma dole a faɗa. Masu kisan da waɗanda ake kashewa, mafi yawansu alƙibla ɗaya suke fuskanta, ko da yake an fi tsananta wa Hindu. An yi ta'asar da sunan kare ƙasar Musulmi daga wargajewa. Rundunar sa-kai ta Al-Badr, wadda ta taimaka wa sojojin Pakistan, yawancin 'ya'yanta daga reshen ɗalibai na Jama'at-e-Islami suka fito. Kwana biyu kafin sojojin su miƙa wuya ranar 16 ga Disamba 1971, aka bi gida-gida ana ɗauke malaman jami'a da likitoci da 'yan jarida da marubuta, aka tsinci gawarwakin da yawa a ramukan bulo na Rayer Bazar, idanu a ɗaure. Cikin waɗanda aka ɗauke ranar 14 ga Disamba akwai Shahidullah Kaiser, yayan Zahir, ɗan jarida kuma marubucin littattafai, wanda shi ne ya fara ja masa hannu zuwa karatu da siyasa. Ba a ga gawarsa ba.

Zahir ya dawo Dhaka ya tarar da wannan. Ya kafa kwamitin bincike na 'yan ƙasa a kan kisan masanan, yana bin sawu, yana tambaya. Sai aka yi masa waya aka ce yayansa yana raye, ana tsare da shi a Mirpur, unguwar da ke wajen gari wadda har lokacin take hannun masu ɗauke da makamai da ba su miƙa wuya ba. Ranar 30 ga Janairu 1972 ya bi ayarin sojoji da 'yan sanda ya shiga. Aka buɗe musu wuta, sojoji da 'yan sanda da dama suka mutu. Zahir Raihan bai fito ba, shi ma ba a ga gawarsa ba. Shekarunsa 36.

Abin da aka yi da ɓacewarsa bayan nan abin takaici ne. Shekara da shekaru ɓangarorin siyasa suna jifan juna da sunansa, kowa yana cewa wancan ne ya kawar da shi don yana riƙe da asiri. Sai a 1999 wani bincike na jarida ya kawo shaidar sojan da ya ce yana wurin, ya ga harsashi ya same shi a harin farko. An ba shi manyan lambobin yabo bayan rasuwarsa, Ekushey Padak a 1977 da lambar ranar 'yancin kai a 1992, amma da hukuma ta yi bincike na gaskiya ta bayyana sakamakonsa tun 1972, lokacin da shaidu ke raye kuma ƙasa ba ta bushe ba, da ta fi yi wa iyalinsa adalci. Ya bar fim ɗin da bai ƙarasa ba, Let There Be Light. Suchanda ce ta mayar da Hajar Bachhar Dhore fim a 2005.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, hanyar da ya bi ita ce hanyar da sana'ar fim ɗin Hausa ta biyo. Tun da aka fara finafinan bidiyo a Kano a 1990, marubuta littattafai suna cikin waɗanda suka ɗauke ta, kuma tsakar gida ce filinta: kishiya, uwar miji, gado, auren dole. Muna da hukumar tace finafinai a Kano tun 2001, an kuma ga lokacin da aka kama 'yan fim aka ɗaure a 2007 da 2008. Saboda haka tsoron da 'yan fim ke ji na gaske ne, ban raina shi ba. Ba na kuma cewa wani ya ɗauki kyamara ya shiga daji wajen 'yan bindiga. Zahir kansa ba fim ne ya kashe shi ba, neman ɗan'uwa ne.

Abin da nake cewa shi ne, tsakar gidan da ake ganin ita ce iyakarmu ta isa ta ɗauki maganar ƙasa. Yau akwai gidaje a Gusau da Katsina da Maiduguri da Maraɗi inda iyali biyu ko uku suke cunkushe saboda an kori dangi daga ƙauye. Akwai magidancin da ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa, yanzu ƙannensa suna tambayar rabonsu na gado. Akwai matar da aka sako daga daji, mijinta ya kasa haɗa ido da ita, uwar miji tana raɗa. Duk waɗannan labaran aure ne da kishi da dukiya, irin waɗanda ake cewa kasuwa na so, kuma kowannensu yana ɗauke da tambayar wa ya bari abin ya kai haka. Akwai 'yan fim da marubuta masu ƙoƙarin taɓa irin wannan, musamman a shirye-shirye masu dogon zango, kuma yadda jama'a ke bin su ya nuna ba 'yan kallo ne matsalar ba. Sun dai yi kaɗan idan aka kwatanta da girman abin da ke faruwa. Harshen da ya ƙware a habaici da hannunka-mai-sanda, wanda mawaƙansa suka iya yi wa basarake zambo yana zaune a wurin, bai kamata ya rasa yadda zai faɗi magana ta wuce gaban mai tacewa ba.

Masu sukar fim daga kan mumbari da shafukan sada zumunta su ma akwai nasu. Idan duk abin da ake nema daga ɗan fim shi ne kada ya yi rawa, kada mace ta taɓa namiji, to an rage masa aiki zuwa kauce wa laifi kawai, kuma mai mulki ba abin da yake so kamar haka. Ban taɓa jin an yi wa wani fim ca don ya yi shiru a kan yaran da aka sace daga makaranta ba.

Ga wata shawara da ba ta fi ƙarfinmu ba. Muna da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, sun ƙware, har yara suna haddace maganganunsu. Cikin ɗaruruwan finafinan faɗa da suke juyawa, a samu wanda zai ɗauki Jibon Theke Neya. Za a ce tsoho ne, baƙi da fari ne, matasa ba za su tsaya ba. Iyayenmu sun cika silima a Kano da Zariya da Jos suna kallon finafinan Indiya na wancan zamani ba tare da sun ji ko kalma ɗaya ba, balle wannan da zai zo da Hausa, da sunaye irin namu, Anwar da Faruk da Anis. A bar waƙoƙin da harshensu a rubuta ma'anarsu a ƙasan allo, a sa ɗan bayani na minti biyu a farko kan Ayub Khan da ranar 21 ga Fabrairu. A kuma nemi izini ta hanyar da ta dace, kada a kwafa a sayar kamar yadda aka saba, domin iyalin mutumin suna raye. Akwai ma'adanar finafinai ta ƙasar Bangladesh a Dhaka, wadda aka kafa a 1978, kuma can ya kamata mai niyya ya fara aika wasiƙa.